Kundi Biyu, Ɗaliba Ɗaya

A bencin shagon ɗinkin littattafai, wata matashiya mai goyo na zaune rungume da kundaye biyu. Dattijon da ke gefenta ya leƙa bangonsu.

"'Yata, ai take ɗaya ne a jikinsu. Me ya sa biyu?"

"Malamai biyu ke duba bincikena, Baba. Abin da babban ya ce in cire, ƙaramin ya ce shi ne ƙashin bayan aikin. Da na gaji, sai na yi wa kowa nasa."

"Ba su sani ba?"

"Shekara guda ke nan. Ga shi jibi dole su sa hannu a kundi ɗaya, in ba haka ba wa'adina ya ƙare." Ta jijjiga yaron. "Da cikinsa na fara babi na uku, yau har ya yi haƙora."

"Ki haɗa su ɗaki ɗaya mana."

"Ko gaisawa ba sa yi."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ba ke suke gyarawa ba, juna suke yi wa jan biro. Na sani, shekara talatin ina koyarwa. Na taɓa hana wani yaro sa hannuna wata tara, don kawai abokin aikina ya riga ni yaba shi."

"Ya gama kuwa?"

"Bai ƙara dawowa ba."

Mai shago ya miƙo hannu. "Wanne za a ɗinke, Malama?"

"Ko ɗaya," ta ce, ta miƙe tana ƙara tamke goyonta. "Yau kowa zai ga na ɗan'uwansa. Ni ba zan ɓace musu shiru ba."