Zakiyya Ta Daina Bin Mahaifinta Salla

A tashar motocin Gidimuni da ke Damagaram, Inusa yana jiran mota ta cika, yana kai kukansa ga wani dattijo mai carbi da bai sani ba.

"Baba, lissafi na tura 'yata Zakiyya ta koya a lakwal ta gwamnati, amma malaminsu wa'azi yake yi musu!"

"To, ina laifinsa? Musulmi ne. So kake ya tuɓe imaninsa a ƙofar aji kamar takalmi?"

"Ya ce musu duk mai sakin hannu a salla, sallarsa ba ta yi ba. Tun ranar ba ta ƙara bi na salla ba."

Dattijon ya daina jan carbi.

"Mai sakin hannu? Ai haka ubana ya yi har ya koma ga Allah! Tashi, ɗana, motar ta jira. Ina ofishin daraktansu?"