Ranar da Ƙararrawar Anglikan ta Ƙetara Kudu

Mai girma shugaban taro, mai girma wakilin Bishop da ya keto teku domin wannan zama, Fada Cleary namu na Katolika, dattawan cocin Anglikan, masuntan gaɓar arewa da na gaɓar kudu, iyayenmu mata da suka bar kifi a shanya suka zo, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya da aka ba ɗan Katolika irina, Cornelius Hanrahan, damar magana a zauren da ba nasa ba. An taru ne a yanke ko Kanon Tuckwell zai ci gaba da jagorancin cocinku, ko a ɗauke shi daga tsibirin nan namu na Newfoundland, bisa ƙarar cewa ya wulaƙanta kayan ibada.

Da farko, kada wani ya ɗauka abokinmu ne. Mutumin nan ya hana mu sakat. Muka gina makaranta, ya gina wadda ta fi ta. Muka sayi ƙararrawa, ya aika Ingila aka kawo masa wadda ta fi amo. Garin gasa da shi muka yi ta dukan tamu cikin tsananin sanyi har ta tsage. Duk Lahadi sai ya yi kaca-kaca da mu a wa'azi, don mu muna fita kamun kifi bayan addu'ar safe, ku kuwa ko igiyar jirgi ba kwa taɓawa. Ya taɓa tare ni a bakin ruwa ya ce, "Hanrahan, yau ma za ka saɓa wa Ubangiji saboda kifi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kifin ne bai san Lahadi ba."

Sai maganar ranar da ake ƙara a kanta. Lahadi ce, da rana tsaka hazo ya rufe teku, jiragenmu na waje, 'ya'yana biyu na ciki. Kun san in hazo ya sauka ƙararrawa ke dawo da mutum gida, ga tamu ta mutu. Na haɗiye girman kaina na ruga wurinsa. Dattijon cocinku, Obadiah Pike, ya tare ƙofa ya ce, "Su da suka keta ranar Ubangiji, bari su ji a jikinsu."

Kanon ya ce, "Obadiah, kauce. Faɗan nawa ne, zan yi musu in sun dawo da rai."

Ya kama igiyar ƙararrawa, sai ya sake ta, ya juyo ya ce, "Hanrahan, yaranku in sun ji ƙararrawa, ya suke yi?"

Na ce, "Kai tsaye suke nufo ta. Cocinmu kan yashi yake."

Ya ce, "Nawa kuwa kan duwatsu. In na buga ta a nan, ni na kashe su. A sauke ta!"

Jama'a, da idona na ga mazan Anglikan, cikin tufafinsu na Lahadi, sun ɗora ƙararrawarsu kan katakon ɗaukar kifi, sun zagaye gaɓa da ita, Kanon, da tsufansa, na gaba yana haki yana tsawa. Aka rataya ta a cocin Katolika da ke gaɓar kudu. Shi da Fada Cleary, waɗanda ko gaisawa ba sa yi, suka yi ta karɓar igiya daga hannun juna har tafukansu suka fashe. Jiragenmu suka shigo ɗaya bayan ɗaya, ba mu rasa ko mutum guda ba. Na yi kuka ranar, ban kuma ji kunya ba.

Ban bar cocina ba, ba kuma zan bari ba. Amma na san shugaba in na gan shi, ko da a ɗakin abokan hamayya yake. Fintan, Malachy, 'ya'yana, ku miƙe. Mai girma wakili, an ce Kanon ya yi laifi. To ga laifin nasa nan tsaye a gabanka, su biyu, suna numfashi. Ka dube su da kyau kafin ka yanke.

Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya tsare duk wanda ke kan ruwa, na arewa da na kudu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.