Bafaranshiyar da Ta Buɗe Hannun Mahaifiyata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan zama, Malam Musaddiƙ Sabuwa, malamanmu na jami'a, iyayenmu mata, mai wannan gona ta unguwar Awali a nan Madina da ya ara mana inuwar dabinonsa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni Badaru ina godiya da kuka ba ni dama ranar buɗe ajin yaranmu kurame. Labarin wata Bafaranshiya zan ba ku, Odile Marchevin, 'yar wasan fim tun zamanin da hoto ke motsi babu murya.

Na farko, asalinta. 'Yar masunci ce, mai in'ina, an yi mata dariya har ta daina buɗe baki. Sai ta koyi magana da ido, da gira, da yatsu. Da ta shiga fim, juya kanta kawai yakan sa manyan mutane hawaye.

Na biyu, haɗuwarta da kakata Iyatu. Su kakata suna hanyar Hajji da ƙafa, suka yada zango a bakin kogin Shari, inda Turawa ke ɗaukar fim. Kakata tana riƙe da hannun ƙaramar 'yarta Sa'adiya, mahaifiyata, wadda aka haifa kurma. Kakata ta ce min: "Ya waladi, ɗana, cikin fararen kaya Odile ta taho, iska na ɗaga mayafinta, na zaci mafarki nake. Ta durƙusa gaban yarinyar, ta zubo yatsu ƙasa, wato ruwan sama. Ta haɗa tafuka ta kaɗa, wato tsuntsu. Yarinyar da ba ta taɓa amsa min ba ta maimaita, sannan ta nuna ni, ta dafa ƙirjinta. Wallahi ranar ta fara kira na uwa."

Na uku, ƙarshenta, yadda jikata Sundus ta binciko. Murya ta shigo fim, aka ce Odile ta yi magana, harshe ya sarƙe, aka ce khalas, an gama da ita. Ta koma garinsu na bakin teku, duniya ta manta da ita. Sa'adiya kuwa ta iso Madina, ta yi aure, ta haife mu, kuma da yatsu ta koya min alwala.

Ya jama'a, kada ku ɓoye yaran nan a ɗaki saboda kunya. Ku kawo su, ku zauna tare da su, ku ma ku koya. Akwai uwa a nan da har yau take jiran a kira ta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci wannan aji, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.