Hodar da Na Juye a Rijiyar Gidanmu

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, matan zumunta. Sunana Saratu, gwauruwa ce ni, ina aikin shara da goge-goge a wani asibiti. Ku yi haƙuri da muryata yau, raina bai gama hucewa ba.

Kun tuna daminar bara, shekarar da motoci suka koma hannun dama, amai da gudawa ya shigo mana Kurmin Mashi. A wurin aiki muna da wata farar hoda mai wari, kulorin. Da ita muke wanke daɓe da bokitai da zannuwan gado, ita ce kuma ake sa wa ruwan famfo. Sista, babbar nas ɗinmu, ta ɗibar mini a gwangwanin madara, ta ce in auna kaɗan in zuba a rijiyar gidan hayarmu.

Ga laifina, ba zan ɓoye ba. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma auna ba. Girman kai! Na ce me zan tsaya ina yi wa jahilai bayani? Na juye gwangwanin gaba ɗaya.

Maƙwabciyata Talatu ta ja guga, ta shinshina, ta ƙwalla ihu. "Wayyo jama'a, an sa mana guba! Na gan ta a bakin rijiya! Ta gama da mijinta, yanzu mu take nema!"

Mijina, wanda na yi shekara biyu ina jinyarsa kafin ya rasu! Kuma daga bakin Talatu, da muke zama benci ɗaya a ɗakin sujadar nan!

Mai gida, wani Alhaji, ya ba ni kwana bakwai in kwashe kayana da 'ya'yana uku. Wa zai ba mai guba ɗaki?

Rana ta shida na durƙusa. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, "Ubangiji, ka ga zuciyata. Na yi fatan cutar ta shiga ɗakin Talatu, ka gafarta mini wannan. Amma ka tashi ka yi magana, ni na gaji!"

Washegari ina ɗaure tukwane sai ga sallama. Malam Isa ne, tsohon malamin allo da ke ƙetaren titi. Ya nemi guga a gaban mai gida da kowa, ya ja ruwa, ya shanye moɗa guda. Ya ce, "Alhaji, wannan ai warin ruwan famfon Unguwar Rimi ne. Kwana shida 'ya'yanta suna shan ruwan nan, wanne ya kwanta?" Ya juyo gare ni. "Maman Iliya, tawa rijiyar ma tana so. Amma don Allah a auna."

Halleluya! Mai gida ya sunkuyar da kai, ya ce in kwance kayana.

Na gode wa Yesu da ya wanke sunana. Sai da ya ɗauko mini mai shaida daga ƙetaren titi, domin a cikinku ba wadda ta taka ƙofata. Duk wadda aka yi wa ƙazafi, ta dogara gare shi, yana ji ko da ihu kika yi masa.

Ku kuma, har yau kuna kau da kai daga duk abin da na dafa. Ga kunun zaƙi can a bakin ƙofa, da ruwan rijiyar na dama shi. Talatu, na yafe miki a gaban Allah. Ke za ki fara sha. Amin.