Katin Gus Mai Wangamammen Baki

A kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Toledo, wata tsohuwa ta tsaya gaban teburin Duane, mai sayar da katuna masu hotunan tsofaffin 'yan wasa, ta ɗaga ɗaya ta ƙura masa ido.

"Mama, mummunan kika ɗauko," in ji Duane yana dariya. "Gus Pelkey ke nan, ɗan ƙwallon kwando. Dubi baki a wangame, ido a waje, ƙwallon ma ta suɓuce masa. Kamar ya ga fatalwa!"

"Ba fatalwa ya gani ba."

"To atishawa ce. Don a yi dariya ake sayensa, ai bai iya komai ba."

"Kai, iya bakinka! Ya iya gudu."

"Kin taɓa ganin wasansa ne?"

"Ina bayan mai hoton ranar. Na kasa haƙuri a gama, sai na ɗaga murya na ce wa Gus ciki gare ni."

Dariyar Duane ta ɗauke. "Mijinki ne?"

"Yana gidan kula da tsofaffi can bakin kogi. Yanzu ba ya gane ni, gaishe ni yake kamar baƙuwa. Na ce ko in ya ga wannan fuskar zai tuna."

"Ki yafe min, Mama. Ɗauki, kyauta na ba ki."

"Yafe me? Gaskiya ka faɗa, bai iya wasan ba." Ta goge katin da hannun rigarta. "Kana da wani? 'Yarmu da ta ja masa wannan abin kunyar tana mota tana jirana, ita ma za ta so nata."