Butar Makbule da Hoton da Ke Kallon Bango

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban kulob ɗinmu, Turgut Bey, mai girma magajin gari, wanda duk muka san zuciyarsa tana can wajen wani kulob na Istanbul, amma ya daure ya rataya mayafin kulob ɗinmu a wuya yau, malam liman, dattawan da suka buga mana ƙwallo da gwiwoyin da yanzu ba sa yarda da hawa bene, 'yan kokawarmu, da suka ga bayan rabin alewar baklawa tun ba a buɗe taro ba, 'yan tseren kwale-kwale, 'yan matanmu na ƙwallon raga, waɗanda su kaɗai ke tuna mana kamannin kofi a 'yan shekarun nan, iyaye mata, da ku masu ganga na bayan raga, da ban taɓa ganin bakinku a rufe ba sai yau: ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar ɗan gida ga 'yan gida.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana cikar ƙungiyarmu Kalafat Idman Yurdu shekara ɗari, ina kuma godiya ga kwamitin da ya ɗora mini ba da tarihinta. Ga yaran da suka san ni da mai buta kawai, sunana Perihan. Kun san da na sauka za a ɗaga hannu a kan magana ɗaya: ko a juyo da hoton Nedim da ke kallon bango a zauren nan, a mayar da sunansa cikin 'yan kulob, ko a bar shi yadda yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, can na dosa. Amma ku bari in biyo ta hanya.

Magana ta farko ita ce asalinmu. Ba 'yan boko ne suka kafa mu ba, ba kuma attajirai ba. Masu liƙe jiragen kamun kifi da kwalta ne, da suka samu ƙwallo a hannun wani matuƙin jirgi baƙo, suka riƙa dukanta a bakin gaɓa da takalman aiki. Masu rubuta tarihi suna cewa shuɗin rigarmu teku ne, baƙin kuma jarumta. Shuɗin dai na yarda. Baƙin nan kuwa kwalta ce da ta ƙi fita a wanki, matansu suka gaji suka ce to, a mai da ita launin kulob kowa ya huta.

Ranar da za su buga wasansu na farko a waje, da 'yan tsallaken gaɓa, a jirgin kifi suka tafi. Kakata Makbule tana amarya a lokacin, mijinta ne mai tsaron gida. Ta ga ba zai yiwu mutum ya yi tafiya ba a watsa masa ruwa a baya ba, ta sheƙo da butarta ta tagulla, ta tarar jirgi ya riga ya bar gaɓa. Ba ta yi wata-wata ba ta juye butar a cikin teku, tana cewa ku tafi kamar ruwa, ku dawo kamar ruwa. Gari ya yi shekaru yana mata dariya, wai ga matar da ta ga teku ya yi ƙasa ta zo yi masa ciko. An lallasa su a wasan, wannan ba a musu. Amma a hanyar dawowa iska ta taso irin wadda ke mai da mata zawarawa, kuma duk suka sauka a gaɓa da ƙafafunsu. Daga ranar, ko jirgi ne, ko akori-kura, ko bas mai sanyi, babu abin da ya ɗauki ɗan Kalafat daga ƙofar nan ba tare da ruwa ya bi bayansa ba. Daga kakata butar ta koma hannun mahaifiyata Nermin, daga ita ta zo hannuna.

Malam liman, na ga kana gyara zama. Limamin wancan zamani ma ya ja kunnen kakata cewa ruwa ba ya dawo da kowa, Allah ke dawowa da bawa. Ta ce wallahi gaskiyarsa, ta yi masa godiya, da ya tashi tafiya Hajji ta watsa masa buta guda.

Magana ta biyu ita ce abin da butar nan ta jawo mana, don ba alheri kaɗai ta jawo ba. Dattawa, kun tuna koci Rasim, Allah Ya jiƙansa. Mutumin kirki, mai sallah a kan lokaci, amma a ganinsa duk ɗan wasan da ya tsallake tsakiyar fili ya yi ganganci da rayuwarsa. Aka sallame shi. Yana fita da jakarsa mahaifiyata ta watsa masa ruwa, kafin kakar wasa ta zagayo sai ga shi ya dawo. Aka sake sallamarsa, ta sake watsawa, ya sake dawowa. A karo na gaba masu ganga suka yi ayari har gidanmu, suka ɗauko tiren baklawa, babbansu ya durƙusa ya ce, "Inna, don girman Allah, wannan karon ki bar shi ya tafi a bushe." Ta karɓi baklawar, ta sa musu albarka, ta ce ita ba ta san koci ba, ɗan mutane ta sani da zai hau hanya. Rasim a kan bencinmu ya tsufa. Har yau idan muka tashi wasa babu ci, akwai masu harara ta.

Kuna dariya, nima ina yi. Amma ku lura da abu ɗaya: a shekara ɗari mun watsa wa wanda ya ci mana wasa, mun watsa wa wanda ya zubar mana da wasa, mun watsa wa wanda muka kora da bakinmu. Mutum ɗaya tak ya fita ƙofar nan ƙasa tana bushe a bayansa.

Wannan ita ce magana ta uku. Yara ba su ga Nedim ba, sai bayan hotonsa. Mu da muka gan shi mun san ƙafar hagu irin tasa ba ta sake taka filin nan ba. Laifinsa shi ne ya ga wata yarinya a tsallake, ubanta kuwa ya rantse mai baƙi da shuɗi ba zai zauna a teburinsa ba. Nedim ya zaɓi yarinyar, ya sa rigar 'yan tsallake. Ranar tafiyarsa mahaifiyata ta fito da buta kamar kullum, shugaban kulob na lokacin, Hulusi Bey, ya riƙe hannunta ya ce ba za a yi asarar ruwan Kalafat a kan maci amana ba. Turgut Bey, mahaifinka ne, kuma ban ambace shi don in ci zarafinsa ba. Ƙaunar kulob ce ta yi masa yawa, kuma rabin zauren nan sun tafa masa a ranar. Da kaka ta zagayo Nedim ya jefa mana ƙwallon da ta saukar da mu rukuni na ƙasa. Na yi kuka, mahaifina ya yi mako bai ci kifi ba. Aka juya hoton, aka soke sunan.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Yarinyar da ya bar mu dominta ta rasu a bazarar da ta wuce. Yanzu haka Nedim yana zaune a shagon shayin da ke kallon ƙofar nan, da sandarsa, kuma bai aiko yana roƙon kowa komai ba. Na same shi da safe na ce, Yaya Nedim, ƙwallon nan ce ta hana ka tsallako titi? Ya juya cokali a kofi, ya ce, "Perihan, ƙwallo aikina ne, ko gobe aka ba ni zan buga. Ni dai na waiwaya ne a ranar, na ga ƙasa a bushe."

Na san masu cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na ji. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mun yafe wa alƙalan wasa da ba su cancanci yafiya ba, mun yafe wa masu tsaron gida da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsu, mun yafe wa Rasim har mun sa wa ɗakin sauya kaya sunansa. Ashe za mu cika shekara ɗari muna gaba da dattijo saboda ya so matarsa?

Ku ɗaga hannu yadda zuciyarku ta ba ku, ba ni da iko da hannun kowa. Amma Nedim zai hau bas ɗin la'asar ya koma tsallake, gidan da ba kowa a cikinsa, kuma ina sanar da wannan taro mai albarka cewa zan tsaya a bayan bas ɗin nan da buta cike. Turgut Bey, ga hannuna. In za ka riƙe, ka riƙe a gaban jama'a. In kuwa ba za ka riƙe ba, ka zo ka kama mini, don butar ta fara yi mini nauyi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan gida da hannuwa masu kwalta. Allah Ya tsare 'ya'yanmu a fili da kan hanya da kan ruwa, Ya ba 'yan wasan gabanmu ikon ganin raga, Ya sanyaya zukatanmu a kan junanmu. Duk wanda ya fita ta ƙofar nan, Allah Ya dawo mana da shi muna raye, yana raye.

Na gode.