Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata. Yau bakina ya ƙi rufuwa, ku yi haƙuri da ni.

Ƙarar kwanon sha ce ta fara komai. Ina tankaɗe a tsakar gidanmu na unguwar Zango a Damagaram da hantsi, sai na ji kwano ya faɗi, ƙwaram, yana ta juyi a ƙasa. Na leƙa, ga ɗan farina durƙushe bakin randa, ya dafe mara, yana amai.

A shekarun yunwar nan ne da damina ta yi ta ɗaukewa. Maigida ya tafi ci-rani. Surukata, Iya, ta baro ƙauyen Hamdara ta dawo wurinmu don rumbunta ya ƙare. Anza muke ci, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa ana sauya ruwa. To ina ruwan sauyawa a Damagaram ta lokacin?

Kun san al'adarmu. Na yi lakwal, wato boko, har kwalej, na karɓi Ubangiji, amma kunyar ɗan fari tana nan. Ban taɓa kiran sunansa ba, sai "kai yaro". Shi kuma Yaya yake ce mini. Iya ce mai duba lafiyarsa, ga shi ya kai shekara goma sha uku.

Iya ta ja shi ɗaki, ta fito tana dariya.

"Angon nawa raki ne da shi. Anza ce ba ta jiƙu ba, ta murɗa masa ciki."

Na ce, "Iya, na ga kamar ba ciki yake dafewa ba."

"Wai marainansa ne, ɗaya ya fi ɗaya. Ke 'yar nan, maza nawa na raina? Wa ya taɓa ganin sun zo daidai? Jiƙa masa kanwa."

Na jiƙa. Ya sha, ya amayar. Ina jin nishinsa ta bayan labule, ƙafata ta ƙi shiga ɗakin. Sai na durƙusa bayan turmi na ce, "Ya Yesu, kai ka ba ni yaron nan. In kunya ce za ta raba ni da shi, ka cire mini ita yanzu."

'Yan'uwa, wani ƙarfi ya zo mini wanda ban san shi ba. Na ɗaga labule na ce, "Iliya, gaya mini inda ke ciwo."

Iya ta riƙe baki. Shi ma ya zuba mini ido. Sannan ya ce, "Yaya, gefen dama ne. Lokaci guda ya soke ni. Ya kumbura, ya haye sama."

Na fita ko kallabi ban ɗaura daidai ba, na tsayar da ɗan kabu-kabu mai babur. Muka sa yaron a tsakiya. Iya na ƙofa tana cewa, "Ku dawo mini da angona lafiya."

A asibiti, lokotoro, wato likita, na dubawa fuskarsa ta sauya. Ya ce jijiyar da ke kai jini ce ta murɗe, sai aiki nan take, in an jinkirta marainin zai mutu. Na zauna kan benci ina rera waƙar sujada a zuci, baiti ɗaya nake ta maimaitawa. Da lokotoron ya fito daga ɗakin tiyata ya ce, "Madam, kun zo a kan lokaci. Mun warware, jini ya koma."

Halleluya! Na yi guɗa a cikin asibiti, har wata ma'aikaciya ta ce in rage murya.

Na gaya wa lokotoron abin da Iya ta ce. Ya yi murmushi ya ce tsohuwa tana da gaskiyarta: ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, ko ɗaya ya fi sauka, yawanci na hagu, wannan halitta ce, ba ciwo ba. Amma ciwo na farat ɗaya, da kumburi, ko ja, ko amai, wannan a rugo a guje, kada a tsaya jiƙa komai. Haka in an ji ƙullutu mai tauri, ko ɗaya yana ta ƙara girma, ko da babu zafi, a zo a duba.

Yau Iliya magidanci ne, 'yarsa ce waccan a bayan matarsa. Na gode wa Ubangiji da ya ji kukana bayan turmi. Ku dogara gare shi, iyaye mata, ku kuma tambayi 'ya'yanku maza inda ke musu ciwo, har na farin.

Da Iliya ya farfaɗo a ranar, ina zaune gefen gadon ina masa fifita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Yaya, ashe kin san sunana."